Abin da ya biyo bayan raba amyata a fadamar Rima

Amyar da na raba tana cikin lambun kawuna, a fadamar Gulbin Rima wajen Kwalkwalawa. Ta katako ce, irin wadda ake kira amyar Kenya: doguwa, sama da faɗi, ƙasa a tsuke, an jera sanduna a bakinta, kowace sanda faɗinta santimita 3.2. Zuma kan gina saƙa guda a ƙarƙashin kowace sanda, sai ka ɗaga sandar da saƙarta ba tare da ka fasa komai ba. Shi ya sa rabo ke yiwuwa a cikinta. Ta kawu kuwa ta gargajiya ce, wadda ake saƙawa da ciyawa a yaɓe da kashin shanu a ɗora bisa itace. Saƙarta manne take da jikin amya, ba ta fita sai da wuƙa.

A ƙarshen watan Janairu mangwaro ya yi fure, masu albasar iri su ma tasu ta fitar da kai, amyar ta cika har sandar ƙarshe. Mazan zuma suka yawaita a ƙofa bayan azahar. A gefen saƙa kuma na tarar sun fara gina 'yan ƙoƙuna masu kallon ƙasa, irin waɗanda ake renon sabuwar sarauniya a ciki, ko da yake ba a kai ga sa ƙwai a cikinsu ba. Duk mai kiwon zuma ya san wannan shirin tashi ne: tsohuwar sarauniya za ta kwashi rabin gida ta yi gaba, ta bar ka da saura. Na ga gara in raba su da hannuna, rabin da zai ƙare a kogon wata kuka ya zauna cikin akwatina.

Rabon kansa bai ɗauki lokaci ba. Bayan magariba na sa riga da hular raga, na ɗaura jan ƙyalle a bakin tocila domin zuma ba ta ganin jan haske, na hura busasshen kashin shanu a gwangwanin hayaƙi. Na ɗebo saƙa biyu masu ƙwai da ƙananan tsutsa, biyu masu 'ya'yan da aka riga aka rufe, ɗaya ta zuma, ɗaya mai garin fure, duk da ƙudajen da ke jikinsu, na jera su a sabon akwati yadda suke jere a tsohon. Sarauniya ban gan ta ba, ban kuma tsaya nemanta ba. Zumarmu ta nan ba ta natsuwa a kan saƙa idan ta ji hayaƙi, guje-guje take yi tana cunkushewa a kusurwa, ga shi dare ne na hunturu. Wanda ya ce sai ya ga sarauniya zai bar amya a buɗe har 'ya'ya su sha sanyi. Abin da na tabbatar kawai shi ne kowane ɓangare yana da ƙwai. Sabon akwatin na rataye shi a gurbin tsohon, tsohon kuma ni da ɗan kawu muka ɗauke shi zuwa ƙarshen lambu, ƙarƙashin wani mangwaro.

Washegari da hantsi tsohon gurbi ya cika da kai-komo, na ƙarshen lambu kuwa shiru. Manyan ƙudaje masu fita kiwo wurin gida suka haddace, ba ruwansu da ko wane akwati ne a wurin. Duk wadda ta fita daga ƙarshen lambu, idan ta ɗebo abinci tsohon gurbi take nufa. Da hana haka nake so, sai dai in kai akwatin nesa, kilomita 4 ko 5. Ni kuwa hakan ya yi mini, don gidan da ya rasa masu kiwo ba ya zancen tashi.

Kawu ya zo ya tsaya daga nesa, hannuwa a baya, ya daɗe yana kallon wadda ta yi shiru.

"Wagga amya taka ta mutu, ɗana. Tun da nike ban ga an raba zuma ba, ita ka raba kanta."

Na ce, "Kawu, ku ba ta kwana biyu. Ƙanana na sunka rage ciki, ba su soma hita ba."

"To wa ka ɗebo musu ruwa?"

Tambayar ta yi daidai, domin masu ɗebo ruwa suna cikin waɗanda suka koma tsohon gurbi. Zuma na buƙatar ruwa don sirka abincin tsutsa, kuma da shi take sanyaya gida: a ɗiga shi a kan saƙa, a yi ta kaɗa fiffike har zafi ya sauka. Wurin da 'ya'ya suke dole ya tsaya tsakanin digiri 34 da 35, ko ana sanyi ko ana zafi. Na samo murfin tukunya na zuba ruwa, na jera tsakuwa a ciki don kada su nutse, na tura shi cikin akwatin ta baya. A waje kuma na girke tsohuwar kwatarniya a inuwa, na karya kara na watsa a saman ruwan. Wannan kwatarniyar ban taɓa barin ta ta bushe ba har faɗuwar damina. Zumar da ta saba da wurin sha ba ta sauya shi da sauƙi, kuma gara ta saba da naka da ta saba da bakin tiyon maƙwabci inda yara ke wanke kayan lambu.

Aiki na gaba shi ne rage musu ɗaki. Saƙa shida cikin akwatin da ke ɗaukar sanda fiye da ashirin, fili ya yi musu yawa, ba za su iya tsaronsa ba. Kafinta ya yanko mini katako daidai cikin akwatin, na tsayar da shi bayan saƙar ƙarshe, na bar musu sanda biyu babu komai. Na ƙarshen lambun kuma na toshe rabin ramukan ƙofarsu da laka, tunda masu gadinsu sun ragu.

Tun a ranar farko ana iya hasashen inda sarauniya take. Ƙudajen tsohon gurbi suka yi ta zarya a fuskar akwati suna neman abu, idan ka ƙwanƙwasa katakon sai ka ji wani kuka mai tsawo da ba ya saurin sauka. Na ƙarshen lambu kuwa idan ka ƙwanƙwasa, sai su ɗan yi guri su yi shiru. Amma hasashe ba ya isa. Bayan 'yan kwanaki na buɗe na ƙarshen lambu da asuba, na ɗaga saƙar tsakiya, na ga ƙwai farare sirara a tsaye a gindin ramuka. Ƙwai kwana 3 yake yi ya ƙyanƙyashe, kuma a ranar farko ne yake tsaye sosai. Ke nan an yi su ne bayan rabo, uwar tana nan. Na rufe.

A ɗaya akwatin na tarar da abin da nake fata. Sun zaɓi ƙananan tsutsa, sun faɗaɗa ramukansu, sun janyo su zuwa ƙasa, kowanne ya yi kama da kwanson gyaɗa a rataye a fuskar saƙa. A cikin waɗanda ba a rufe ba, tsutsar na kwance kan farin abinci mai kauri. Babu wani ƙwai na daban da ake yin sarauniya da shi. Ƙwan da zai zama ma'aikaciya shi ne dai, abinci da girman ɗaki suka bambanta su, muddin tsutsar ba ta wuce kwana 3 da ƙyanƙyasa ba.

A nan akwai hukuncin da ba shi da daɗi. Gidajen sarauniyar da suka gina sun yi yawa, kuma wannan akwatin shi ya gaji dukkan masu kiwo, ya cika maƙil. Zumarmu idan ta sami sarauniya fiye da ɗaya a gida mai jama'a, ba lallai su yi faɗa ɗaya ta rage ba. Sau da yawa ta farko kan kwashi wasu ta tashi, ta biyu ma ta kwashi wasu, ka wayi gari rabon da ka yi don hana tashi shi ya jawo ta. Don haka na fasa duk gidajen da aka riga aka rufe, domin wanda aka rufe da wuri haka da tsutsar da ta girma aka fara shi, sarauniyarsa ba ta cika ƙarfi ba. Na bar guda biyu buɗaɗɗu, manya, masu abinci da yawa, a saƙa ɗaya. Saƙar da ke ɗauke da su ba a girgiza ta, ba a kwantar da ita. Dama saƙar amyar Kenya ba ta da firam da zai riƙe ta, idan ka karkata ta sai ta ɓalle daga sanda. Na mayar da ita a hankali, na rubuta ranar rabo da gawayi a cikin murfi.

Daga nan sai lissafi. A littattafai sarauniya kwana 16 take yi daga ƙwai zuwa fita, ta Afirka ma takan riga haka da kwana ɗaya ko biyu. Tunda da tsutsa aka fara, wajen kwana 12 bayan rabo za ta fito. Sai ta yi kusan mako jikinta ya yi ƙwari, ta fita barbara, ta dawo ta ƙara 'yan kwanaki kafin ta fara ƙwai. Duka-duka wata guda ke nan. A cikin wannan watan babu abin da buɗe amya zai ƙara maka, illa dai ya rage. Sabuwar sarauniya mai firgita ce, tana iya tashi daga kan saƙa ta ɓace, ko ƙudajen su dunƙule ta su kashe idan hankalinsu ya tashi. Uwa-uba, zumar ƙasar nan ba ta da haƙurin damuwa. Idan ka matsa mata da leƙe, alhali ba ta da 'ya'yan da za su riƙe ta, sai ta bar maka akwatinka gaba ɗaya.

Sai dai zaman jiran yana da nasa ayyukan, duk a waje. Akwatunan a rataye suke da waya tsakanin turaku, na riƙa shafa wa wayar giris da baƙin mai saboda tururuwa, kuma ƙurar hunturu kan bushe shi cikin 'yan kwanaki, sai an sake. Na nome ciyawar ƙasa tas, don kada wani tsiro ya taɓo akwati ya zame wa kiyashi hanya, don kuma wuta. Ƙadangaru ma sun gano wurin, sukan laɓe a bakin ƙofa suna tsintar masu saukowa, sai da na cire ɗan katakon saukar da kafinta ya ƙawata akwatin da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali feshi ne. Masu albasa na fama da ƙwari, kuma wanda ya zuba kuɗinsa a gona ba za ka ce masa kada ya yi magani ba. Na bi maƙwabtan lambu ɗaya bayan ɗaya, muka gaisa, na roƙe su idan za su yi feshi a kan albasar da ta yi fure su bari sai rana ta kusa faɗuwa, lokacin da zuma ta koma gida. Wani dattijo ya ce, "Yaro, zumarka ta ka hana ni aiki?" Na ce, "A'a Baba, ita ka cika muku iri." Albasa ba ta yin iri mai kyau sai ƙwari sun ɗauki garin wannan fure sun kai wancan, kuma manoman Wurno da Goronyo da Kware da suka daɗe a harkar sun ga haka da idonsu. Yawanci sun amince. Wanda bai amince ba, na roƙi ya riƙa gaya mini ranar.

Wani dare bayan isha, wajen lokacin da lissafi ya nuna, na kara kunne a jikin akwatin. Can cikin gurin na ji wani siririn sauti, dogo ɗaya sannan gajeru a jere. Kukan sabuwar sarauniya ke nan idan ta fito tana neman kishiyarta. Na koma gida ban taɓa murfin ba.

Makon da ya biyo baya hazo ya sauko. Sarauniya da rana take fita, tsakanin azahar da la'asar, idan gari ya yi ɗumi iska ta lafa. Can sama take haɗuwa da maza daga amyoyi daban-daban, fiye da goma, abin da ta tara a wannan fitar kuma shi za ta yi amfani da shi har ƙarshen rayuwarta. Idan iska ta yi yawa ba ta fita. Idan ta fita, akwai tsuntsaye, akwai ɓatan hanya. Saboda haka na hana kowa taɓa komai a kusa da akwatin, ko zanar da ke jingine a turke ban bari an kawar ba, don da irin waɗannan alamomin take gane gida.

Da wata ya cika na buɗe. Ragowar gidan sarauniya ɗaya na nan, bakinsa a yanke zagaye, alamar mai shi ta fita da ƙafarta. Ɗayan sun rushe shi. 'Ya'yan da na ba su duk sun fito, ramukan sun cika da sabuwar zuma, a sandunan baya kuma sun gina saƙa mai manyan ramuka irin ta maza, wadda gidan da ba shi da uwa ya saba ginawa. Ƙwai kuwa ko ɗaya babu.

Wannan shi ne wurin da ake yawan yanke hukunci da gaggawa, a ce rabo ya lalace a haɗe su. Abu biyu suka tsayar da ni. Ƙudajen a natse suke, ba irin kukan nan na farko. Sannan a tsakiyar saƙa biyu sun kwashe zuma daga wani fili mai faɗin tafin hannu, sun goge ramukan suna sheƙi. Ba sa yin haka sai suna jiran a zo a yi ƙwai. Don in tabbatar, na je akwatin uwar na ɗauko saƙa mai ƙwai da ƙananan tsutsa, na kakkaɓe ƙudajenta a gidansu don kada in ɗauko uwar ban sani ba, na sa ta a tsakiyar wannan. Idan ba su da sarauniya, cikin kwana 3 za su fara gina sabbin gidaje a kanta, ka kuma ba su damar sake gwadawa. Idan suna da ita, reno kawai za su yi. Da na dawo, babu gida ko ɗaya. A saƙar da ke kusa kuma ga ƙwai, ɗaya-ɗaya a gindin rami, a jere ba tsallake. Hazon ne ya jinkirta ta.

Na duba ƙwan da kyau saboda akwai wani abin da ke ruɗin mutane. Gidan da ya daɗe ba uwa ba 'ya'ya, wasu ma'aikata kan fara yin ƙwai da kansu. Nasu za ka gan shi uku-uku huɗu-huɗu a rami guda, a manne a gefe saboda jikinsu ba ya kaiwa gindi, kuma maza kaɗai yake fitarwa. Tabbacin ƙarshe sai da aka rufe ramukan: murfi shimfiɗaɗɗe na ma'aikata, ba mai tudu na maza ba.

Samun sarauniya bai kawo ƙarshen haɗari ba, kuma a nan ne nake ganin lokacin rabo ya fi salon rabo muhimmanci a Sakkwato. Ma'aikaciya wajen kwana 20 take yi daga ƙwai zuwa fita, a lokacin aiki kuma rayuwarta ba ta wuce mako 6. 'Ya'yan da ka ba su ranar rabo sun gama fitowa cikin mako 3. Na sabuwar sarauniya ba za su fara fitowa ba sai wajen mako 7. A tsakani kusan wata guda ake yi tsofaffi na mutuwa ba a mayar da gurbinsu. Ni da na raba a ƙarshen Janairu, wannan ramar ta faɗo mini a watan Maris, dogonyaro na fure a ko'ina, abinci na shigowa. Na kuma ƙara musu saƙa ɗaya ta rufaffun 'ya'ya daga wajen uwar, wadda a lokacin ta farfaɗo. Wanda ya jira sai ya ga furen dogonyaro sannan ya raba, ramar za ta same shi a ƙarshen Afrilu da Mayu, zafi ya wuce digiri 40, fure ya ƙare, ga gida ba jama'ar da za ta ɗebo ruwa.

Ko ni ɗin bazara ba ta bar ni haka nan ba. Sabuwar saƙa fara ce, mai laushi, idan ta ɗauki zuma rana ta buga murfin kwano sai ta zube, ta danne 'ya'ya, wani lokaci har da sarauniya. A nan dabarar kawu ce ta yi aiki. Ya sa aka kafa rumfar zana a saman akwatin tsohon gurbi, aka sa 'yan itatuwa tsakanin kwano da sanduna don iska ta ratsa. Ya kuma duba ƙofofin ya ga ba gabas suke kallo ba, ya ce daidai ne, don daga can iska da hadarin farkon damina ke tasowa. Na buɗe ramukan da na toshe da laka. Da dare sukan fito su yi cincirindo a fuskar akwati suna shan iska, ba a taɓa su. Duk tsawon Afrilu ban buɗe ba sai da asuba, shi ma idan ya zama dole.

Da furen dogonyaro ya kaɗe, sai ƙudaje suka fara zuwa wurin masu niƙa suna birgima cikin gari da dusa, abin da ke nuna garin fure ya yi wuya a daji. Ina ɗaga bayan akwati in ji nauyinsa. Na uwar da nauyi, na 'yar ya fara sauƙi. Na dama sukari da ruwa, gwangwani ɗaya da gwangwani ɗaya, na sa a ƙaramin kwano da guntayen kara a sama, na ajiye bayan katakon nan na ciki da na huda wa rami. Da magariba nake sawa, kaɗan, wanda za su shanye kafin safe. Idan ka ajiye a waje ko da rana, zumar maƙwabta za ta ji ƙanshi ta zo fashi, ƙaramin gida kuwa ba ya iya kare kansa. Zumar kasuwa ba na ba su, ban san abin da aka haɗa ta da shi ba, ban kuma san lafiyar amyar da ta fito ba. A akwatin uwar na tarar da wata tsohuwar baƙar saƙa a baya da suka daina rufewa, tsutsar kaki ta fara yi mata yana. Na yanke ta na narkar, kakin na ajiye don shafa wa sanduna.

Zuma dai ban ɗiba ba a bana, ko cokali, daga ɗayansu. Abin da suka tara shi ya tsallakar da su bazara. Kawu ya sauke amyoyinsa ya cika jarkoki, ya aiko mini da kwalba guda, ya ce a gaya mini ta masu amyar ciyawa ce. Har yanzu bai yarda rabo ya fi a bar zuma ta tashi a kafa mata wata amyar a gaba ba, kuma a lissafin shekara ɗaya ba ni da abin ce masa. Nawa lissafin shi ne gida biyu, ɗaya da sabuwar sarauniya, kafin magarya da gawo su yi fure bayan damina.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta tsiro, 'yar ta fara gina sabuwar saƙa mai ƙananan ramuka, na matsar da katakon ciki baya da sanda biyu. Saura ɗauke su daga fadama. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba zai bar akwati a bakin Rima har watan Agusta ba. Na sami wuri a tudu wajen Dundaye, nesa sosai yadda masu kiwo ba za su dawo lambu ba. Da dare za a yi, a rufe ƙofa da raga, a ɗaure sanduna da igiya, a ɗauka a miƙe ba karkatawa, kuma mai amalanken da muka yi magana da shi ya yarda zai cire jakin mu tura da hannu.